Ɗakin Ƙwai da Jirgin da Ban Hau Ba

Duk ƙarshen shekara sai na yi baƙi. Yara ne 'yan jami'a, maza da mata, sun gama karatun kimiyya sun yi bautar ƙasa, sai wani ya ce musu akwai wani tsoho a Wudil da ya yi aikin haɗa rigakafi tun iyayensu suna goye. Tambayarsu ɗaya ce: Baba, mu wuce digirin digirgir ko mu shiga kamfani? Wasunsu suna yin tambayar kamar mai zaɓe tsakanin shinkafa da taliya. A ganinsu aikin kamfani shi ne ka sa farar riga, ka zauna a ɗaki mai sanyi, inji ya yi aiki, wata ya ƙare a biya ka. Ni kuwa sai na sa a shimfiɗa musu tabarma, don amsata ba ta faɗuwa a tsaye.

Mahaifina Malam Garba dillalin kaji ne a kasuwar Juma'a. Duniya ta san Wudil da kara da shanu, amma can gefe akwai 'yan kaji, a nan rumfarsa take. Da kaji da zabi ya yi mini karatu, kuma burinsa a kaina ɗaya ne, in je har inda boko ya ƙare.

Na gama jami'a a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya ɓarke a ƙasar nan. Wanda bai ga zamanin ba da wuya ya yarda. Gwamnati ce ke bin mai digiri tana lallashinsa ya tafi Turai ya ƙaro ilimi, kamfanoni kuma suna tare shi tun daga ƙofar jami'a da alkawarin mota. Ni da abokina Bala, wanda muka taso aji ɗaya tun sakandare, muka nemi tafiya karatun digirin digirgir. Guri ɗaya ne a fanninmu, ni ne a gaba, shi yana bi mini. Aka ce mu jira. Jira kuwa ba ya cika tumbi, sai muka kama aikin wucin gadi a wani sabon kamfani da wani Alhaji ɗan kasuwa ya gina a bayan gari, in ka haye gada ka nufi Kano. Rigakafin annobar kaji ake haɗawa a wurin, cutar nan da ke zuwa da sanyi, ta murɗe wa kaza wuya, ta share akurki kafin mai shi ya gama mamaki.

Aikin farko da aka ba ni wankin kwalabe ne. Shugaban ɗakin wani likitan dabbobi ne mutumin Misira, gajere mai furfura a gira, muna ce masa Ustaz a gabansa, Bamisire a bayansa. Ya dubi takardar digirina ya ce masha Allah, ya miƙo mini buroshi. Kwalaben ƙanana ne kamar ɗan yatsa, a wanke, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa, a jera su a tukunyar tururi a dafa. In ya ɗaga ɗaya a haske ya ga tabon sabulu, tiren gaba ɗaya zai dawo maka da shi. Na yi fushi sosai a makonnin nan. Ina cewa a raina, ashe wanke-wanke na je Zariya na koyo. Sai daga baya na gane cewa rabin sana'ar nan wanki ne, sauran rabin kuma kiyaye abin da ka wanke.

Ranar da ya shigar da ni ɗakin ƙwai ba na mantawa da ita. Ɗaki ne mai duhu, babu taga, da fitila a cikin akwati mai ɗan rami. Ya ɗauko ƙwan da ya yi mako da 'yan kwanaki a injin ƙyanƙyasa, ya ɗora a bakin ramin. Ni ɗan mai kaji, na ci ƙwai, na sayar da ƙwai, na fasa bara-gurbi ya kore ni daga ɗaki, amma ban taɓa ganin cikin ƙwai mai rai ba. Ga jijiyoyi ja sun bazu kamar saiwar gero, ga wani ɗan baƙin abu a tsakiya yana motsi. Na ce subhanallahi a fili.

Ustaz ya ce, da Hausarsa mai ɗingishi, "Ya Isiyaku, wannan gona. Kai manomi. Iri yana firji."

Gaskiya ya faɗa, sana'ar noma ce. Irin da muke shukawa cutar ce da kanta, amma wadda aka karya wa ƙarfi, yadda za ta koya wa jikin kaza faɗa ba tare da ta kayar da ita ba. Za ka haska ƙwai ka zana da fensir inda iska take. Ka goge da aidin. Ka huda ɗan rami da ƙusa mai tsini. Ka zura allura daidai gwargwado, in ka zurfafa ka kashe ɗan tsakon, in ka yi sama-sama ka zuba a banza. Ka toshe ramin da narkakken kyandir, ka mayar inji. Bayan kwanaki a sanyaya ƙwan, a buɗe, a zuƙe ruwan da ke kewaye da ɗan tsakon, garai kamar ruwan sama. A cikin ruwan nan iri ya hayayyafa. Don a tabbatar, sai a ɗiga shi a farar tangaran a haɗa da ɗigon jinin kaza. In jinin ya yi gudaji-gudaji kamar kindirmon da ya tsinke, noma ya yi kyau. Daga nan a raba a kwalabe, a busar da shi cikin sanyi har ya zama ɗan farin dunƙule a gindin kwalba.

Faɗa da baki ke nan. A aikace, ba a magana a kan buɗaɗɗen ƙwai, ba a tari, ba a shiga da goro a baki. Hannunka yana kusa da harshen wutar sifirit har gashin yatsu ya ƙone ka daina jin ƙaurinsa. Ƙwai ɗaya ya ruɓe ka haɗa ruwansa da sauran, aikin mako ya tafi. Wutar lantarki ta ɗauke, kowa ya zubar da abin da ke hannunsa a ruga wajen janareta, don ƙwai ba ya jiran uzuri. Sannan akwai dokar da ta fi yi mini nauyi: mai shiga ɗakin ƙwai ba ya taɓa kajin waje, kada ya kwaso cutar daji a rigarsa. Ranar Juma'a sai in tsaya nesa da rumfar mahaifina in durƙusa in gaishe shi. 'Yan kaji suka ce boko ya sa ɗan Malam Garba ƙyamar kashin da ya rene shi.

Bala kansa ya fi nawa, wannan ba na musu. Shi ke bayyana mini dalilin abin da hannuna ke yi. Amma allura ba ta yarda da shi ba, in ya riƙe ta sai hannunsa ya kama rawa, ƙwansa kuma su yi ta mutuwa. Ustaz ya mayar da shi ɗakin gwaji da lissafi, ni ya bar ni da ƙwai. Ban ankara ba na fara zuwa aiki kafin mai gadi ya gama shan kokonsa.

Masu sayen kayanmu iri biyu ne. Akwai ma'aikatan gwamnati na cikin gari, waɗanda ƙarin albashi ya faɗo musu, kowa ya gina akurkin bulo a bayan gida ya zuba kajin Turawa. Akwai kuma matan ƙauye na Achika da Lajawa da Ɗankaza, waɗanda kaza ce asusunsu, ita ce sabulu, ita ce kayan ɗakin 'ya. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai unguwa ta haɗu ta saya. Bayaninmu gajere ne: a hana kaji ruwa da safe, a narkar da maganin a ruwa mai tsabta, a zuba musu a kasko su shanye nan take. Mun sha tambayoyi. Wani ya ce shi allura yake so, maganin sha ba ya ratsa jiki. Wani dattijo ya tambaye ni ko zai yi wa murarsa, tunda shi ma da sanyi take zuwa masa. Mahaifina kuwa, duk wanda ya sayi kaza a hannunsa sai ya ce masa, "Ka nemi maganin nan, yaron wajena ne ke haɗawa."

Sai muguwar shekara ta zo. Sanyi ya shigo da annoba mai ƙarfi, kajin da aka ba maganinmu suka kama mutuwa. Da farko ƙorafi ne, daga baya aka fara kawo mushen a buhu ana juyewa a ƙofar kamfani. Wani malamin makaranta da ya zuba duk abin da ya mallaka a akurki ya tsaya a gabana, bai zage ni ba, ya ce kawai, "Malam Isiyaku, ruwa kuka sayar mana?" Da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. A kasuwa aka daina tsayawa a rumfar mahaifina.

Ustaz ya ɗauko ragowar kwalaben da muka fitar, ya shuka su a ƙwai. Iri yana nan da ransa. Ke nan daga hannunmu lafiya ya fita, a hanya wani abu ke kashe shi, ba mu san ko mene ne ba.

A cikin wannan hali aka aiko cewa gurin karatuna ya fito, jirgi bayan Babbar Sallah. Na nemi a ɗaga mini zuwa baɗi, aka ce ba a ajiye wa kowa kujera, in ban hau ba na bayana ya hau. A makon nan kuma Alhaji mai kamfani ya tara mu. Kwantiragin Ustaz ya zo ƙarshe, iyalinsa suna jiransa a gida. Alhaji ya ce shi ɗan kasuwa ne, kowa yanzu daga waje yake shigo da kaya ya huta, ba ya ga dalilin da zai zauna ana zuba masa mushe a ƙofa. Ya dube ni ya ce, "Ustaz ya ce kai kaɗai ne hannunka ya faɗa. In ka tsaya ka riƙe ɗakin nan, ka gano mini abin da ke faruwa, na bar shi a buɗe. In ka tafi, Allah ya kiyaye hanya, ni kuma in sa kwaɗo in mai da wurin sito."

Na sami Ustaz yana goge fitilar haska ƙwai, na ce ya ba ni shawara. Bai yi mini daɗin baki ba.

"In ka tafi," ya ce, "za su koya maka yin tambaya. Wannan babban abu, ni ba zan iya ba ka shi a nan ba. Ka dawo, ƙofa duka a buɗe. In ka zauna, hannu zai yi kyau, mutane za su ci amfani yau, ba bayan shekara biyar ba. Amma wata rana yaro da takarda zai zo ya zauna a kanka. Kada ka ce ban faɗa ba."

Na ce, "To ni wanne zan ɗauka?"

Ya ce, "Ku Hausawa kuna cewa taura biyu ba ta taunuwa. Ni baƙo, ban san wadda ta fi zaƙi ba."

Mahaifina shi bai ga abin shawara ba. Na same shi a zaure bayan la'asar, na fara kewaye-kewaye a kan sunansa da ya ɓaci a kasuwa. Ya katse ni.

"Kai, rabu da sunana. Sunan kasuwa ne, Juma'a uku an manta. Ka hau jirginka."

Na ce, "Baba, in na tafi rufe wurin za a yi, kuma har abada za a ce ruwa muka sayar."

"A ce mana. Bakin mutane ya taɓa hana ruwa sauka?" Ya gyara zama. "Na yi shekara da shekaru ina shaƙar kashin kaji don in fitar da kai daga cikinsa. Yanzu an buɗe maka ƙofa, kai kuma ka ce a'a, cikinsa za ka koma da ƙafarka?"

Sallah da saura, na ce bari in yi amfani da kwanakin da suka rage. Na bar ɗakin ƙwai a hannun Ustaz, na karɓi babur ɗin kamfani na shiga bin gidaje, don zuwa da kai ya fi aike. Abin da na fara lura da shi ya ɗaure mini kai. A cikin gari, inda ake da akurkin bulo da ilimi da tsabta, nan aka fi asara. A Achika da Ɗankaza, inda kaji ke kwana a kan danga, waɗanda aka ba magani sun tsira. Na ce ko kajin Turawa ne ba su da ƙwari. Sai na tarar a cikin garin har kajin Hausa sun mutu. Na ce ko rana ce ta bugi kwalaben a hanya. To ai ƙauye ya fi nisa da firjinmu. Kowace amsa na kamo sai ta zame.

A Lajawa aka nuna mini gidan wata tsohuwa, Iya Tabawa. Duk unguwar kajinsu sun tsira, nata ne kaɗai suka ƙare, ga shi ta fi kowa yawan kaji, har kwalba guda ta saya ita kaɗai. Na yi sallama aka yi mini iso. Muka gaisa, ta tambayi mahaifina da mutan gida da gajiya da sanyi, na yi mata jaje. Sannan na ce ta nuna mini yadda ta ba su maganin.

Ranta ya ɓaci. "Au, ɗan nan, ni za ka tuhuma? Duk garin nan wa ya kai ni kiyayewa? Su Hajara maƙwabtana da ruwan randa suka kwaɓa nasu, ruwan rijiya, ina gani ina ƙyamar abin. Na ce maganin Turawa guda, a zuba shi a ruwan da akuya ke sa baki? Ba da ni ba."

Na ce, "To ke da wane ruwa kika haɗa, Iya?"

"Sabuwar jarka na saya. Na tashi mijin 'yata da sassafe ya hau keke har Wudil, ya taro mini na famfo, ya toshe bakin da kyau. Yana sauka na haɗa. Ruwa fari tas, har ƙamshin asibiti yake."

Ƙamshin asibiti. Na zauna a kan turmin da ke kusa da ni. Shekarun nan ne aka ja famfo a cikin gari, yana cikin alherin kuɗin mai. Masu ruwa suna sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma daidai suka yi, don haka ne yara suka rage gudawa. Amma abin da ke cikin kwalbarmu shi ma ƙwayar cuta ce mai rai. Ruwan famfo bai san ta gida da ta daji ba. Duk wanda ya girmama maganinmu ya nemo masa ruwa mafi daraja, shi ya kashe shi kafin kaza ta sa baki. Waɗanda suka ɗebo daga randa ba tare da wani biki ba, su suka tsira.

Na ce, "Iya, ba ki yi laifi ba. Karamci kika yi wa baƙo, shi kuma bai iya cin abin da kika ba shi ba."

Ta ce, "To Allah ya kyauta. Kajina dai sun tafi."

Zato ba hujja ba ne, wannan ma Ustaz ya koya mini. Na yi kwanakin da doka ta ce in yi nesa da ɗakin ƙwai, sannan muka narkar da kwalba a ruwan famfo, wata a ruwan rijiya, muka shuka kowanne a ƙwansa. Bala ne ya tsara gwajin yadda ba mai iya kushe shi. Ranar da muka ɗiga a tangaran, na rijiya ya yi gudaji, na famfo jinin ya kwanta lumui kamar ba a sa komai ba. Muka maimaita, haka. Alhaji ya zo ya leƙa, bai fahimci komai ba, amma ya ga fuskar Ustaz.

Sai dai gano ciwo daban, warkar da shi daban. Sai an sake sabon noma, an bi gida gida an yi bayani, an roƙi wanda ya yi asara ya sake yarda da kai. Wannan aikin shekara ne ko fiye, kuma ga layya ta matso, ga Ustaz yana ɗaure kaya. Na auna abin iya aunawata. Ina son karatun nan, tun ina yaro nake mafarkinsa. Amma na duba na ga ba zan iya zama a aji a wata ƙasa ba, ina sane da cewa amsa tana hannuna na sa ta a aljihu na tafi. Kuma kada in cika baki in ce duk sadaukarwa ce. Son ɗakin nan mai duhu ya riga ya kama ni. Na kuma yi wa kaina lissafin da 'yan zamanin suka yi ta yi, cewa kuɗin mai ba ya ƙarewa, baɗi ma akwai wani jirgin.

Na bar wa Bala gurin, ni na raka shi filin jirgi a Kano. Ya rungume ni yana cewa bai san da wane baki zai gode ba. Na ce ya daina, rabonsa ne ya tsaga. Na tsaya har jirgin ya shige gajimare. Na yi baƙin ciki a ranar, baƙin ciki sosai, ba zan ɓoye ba. Washegari na koma na haska ƙwai.

Mun gyara aikinmu. Muka fara ba da 'yar kwalbar ruwanmu dafaffe tare da kowane magani. Masu kaji kaɗan muka koya musu ɗigawa a ido, ɗigo ɗaya kowace kaza, ba ruwanka da kasko. Masu manyan akurki muka ce su tari ruwa ya kwana a buɗe, maganin da ke cikinsa ya fice. Bala bai yi wata shida a can ba ya aiko da cewa a zuba ɗan garin madara a ruwan, yana kare iri. Muka gwada, haka ne. Malamin makarantar nan sai da na je gidansa sau da yawa kafin ya bari na taɓa masa kaza, daga baya shi ya zama mai yi mana shela.

Baɗin da na jira ba ta zo ba. Kuɗin mai ya ja baya, gurabe suka ƙafe, na yi aure, 'ya'ya suka zo. Maganar Ustaz kuma ta tabbata. Bala ya dawo Dakta, ya hau, ya yi ta hawa, har ya zama sai ya sa hannu kayanmu ke fita kasuwa. Bai taɓa ɗaga mini kai ba, kuma dabarun da ya zo da su sun rage mana wahalar da hannu kaɗai ba zai taɓa ragewa ba. Amma bayansa an yi wasu yaran da na koya wa riƙon allura, suka tafi suka dawo, na koma ina ce musu yallaɓai. An yi tarurrukan da aka tattauna aikina ina zaune a layin baya. Akwai tambayoyin da suka tsaya mini a rai har yau, waɗanda na san da na tafi da na san yadda ake bin su. Wannan shi ne kuɗin da na biya, kuma ina faɗa wa yaran nan shi ba ragi.

Abin da na samu shi ma ina faɗa musu. Na yi aikin da nake so har ƙarfina ya ƙare. Na ga matan da suka aurar da 'ya'ya da kajin da suka tsallake sanyi. Na gode wa Allah, na gode wa Bamisire da buroshinsa, na gode wa tsohuwar da ta yi mini faɗa a Lajawa. Shi ya sa ba na zaɓar wa kowa. Nakan ce, in tambaya ce ke hana ka sukuni, tafi ka yi karatunka, kada ka tsaya jiran baɗi. In kuwa so kake ka ga abin da ka yi da safe ya shiga gidan wani da yamma, shiga kamfani, ka fara da wanki. Kowanne ka ɗauka akwai abin da za ka bari, ka dai san ko mene ne kafin ka bar shi.

Wanda ya fi wuyar shawowa mahaifina ne. Tun ranar da jirgi ya tashi bai sake ta da maganar ba. In na gaishe shi ya amsa, lafiya, lafiya, shi ke nan. Ciniki ya dawo rumfarsa kamar yadda ya faɗa, amma bai ƙara ce wa kowa yaron wajensa ne ke haɗa magani ba. Kajinsa na gida, waɗanda yake kiwo don iri, ya hana a ba su. Shekara ta zagayo a haka, abin yana cina.

Da sanyi ya sake matsowa, wata Asabar da hantsi ya aiko a kira ni, ya ce in taho da kayan aikina. Na tarar ya hana kajin fita, ya kife su a manyan kwanduna a tsakar gida, ya ajiye kujeru biyu 'yan tsugunno. Ya zura hannu ya kamo ɗaya, ya haɗe fikafikan, ya juyo mini da kanta. Na ɗiga a ido, muka jira ta ƙifta, ya sake ta, ya kamo wata. Muka yi ta yi, ba ka jin komai sai kukan kaji.

Can ya ce, yana kallon kazar ba ni ba, "Su can Turan, haka suke ɗigawa?"

Na ce, "Haka suke yi, Baba."

Ya jinjina kai. "To ashe ba ka yi asarar komai ba."

Da na ce e, da magana ta ƙare lafiya. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na ce, "Na yi asara, Baba."

Ya daɗe riƙe da kazar, har ta fara mutsu-mutsu. Sannan ya ɗago ya dube ni, karo na farko a shekara guda.

"Na sani," ya ce. "So nake in ji ko kai ka sani. Allah ya yi maka albarka." Ya gyara mata kai ya matso da ita. "Ɗiga, hannuna ya gaji."